Inda Faifan Yake Tuntuɓe

Ranar Lahadi Mutawakilu ya sauka daga Akra
da ɗan kwali a hammata.
Ya ce, Baba, zamanin hura wa faifai iska
a goge shi da gefen riga ya wuce.
Ya ciro wani abu baƙi, dunƙule kamar sabulun salo,
ba baki, ba aljihu,
ba inda za a zura masa komai.
Na juya shi, na sake juyawa.
Na ce, to ta ina yake cin abincinsa?
Yaron ya yi dariya har da riƙe ciki,
ya ce ta iska.

Tsohon akwatina kuwa a Kejetiya na saye shi,
shekarar da aka yaye wannan mai dariyar.
Kuɗin ɗinkin Sallah guda na zube wa wani Asante
mai haƙorin zinariya,
na rungumo shi a tirotiro har Aboabo
kamar mai dawowa da jariri daga asibiti.
Da sidi na sayi sidi,
ɗaya ɗaya, wata bayan wata,
har suka cika gwangwanin biskit uku.

Ya tsufa, ban musa ba.
Bakinsa ba ya buɗuwa sai an tura da babban yatsa.
Wani lokacin ya yi ta gurnani
kamar mai neman takalminsa a duhun masallaci,
sannan ya ce wai babu faifai,
alhali ga shi a cikinsa.

Mutawakilu ya haɗa dunƙulen da wayata,
ya haɗa wayar da wani abu mai ƙyafta ido a saman kabad.
Ya ce, faɗi waƙar da kake so, kowacce.
Na faɗi ta mai gogen nan
da muke ji tun muna ɗaki ɗaya a gidan haya.
Kafin in gyara zama ta fito.
Tas, kamar an wanke ta da ruwan sama.
Har numfashin mai gogen na ji,
wanda ban taɓa sanin yana ciki ba.

Ina bi, ina kaɗa ƙafa a kan fedar keken ɗinki,
har muka iso wurin.

A faifaina akwai ƙarzuwa daidai nan.
Nan mawaƙin yake tuntuɓe:
zo mu, zo mu, zo mu, zo mu,
ya kasa ƙarasa inda za a je.
Sai Rahinatu ta ɗago daga bakin murhu
da muciya a hannu,
ta ce, Malam, mare shi mana!
In miƙa hannu in ɗan mari akwatin,
mawaƙin ya farfaɗo, ya wuce.
Shekara goma sha tara muna haka,
ni da ita da shi.

Yau bai yi tuntuɓe ba.
Ya wuce sumul, ko waiwaye babu.
Hannuna ya riga ya tashi,
ya tsaya a iska,
kunnena yana bakin murhu.

Yaron ya ce, ka ji bambanci ko?
Na ce na ji.

Ya koma Akra da asuba,
ya bar mini lambobin sirri a bayan takardar awo,
ya ce in data ta ƙare in yi masa filashin.
Abin yana da kirki, ba zan ci amanarsa ba.
Yana kawo mini waƙoƙin da ban roƙa ba,
wasu ma su yi daɗi.
Yaran shago sun mayar da shi nasu.

Akwatin yana ƙarƙashin teburin yanka,
na rufe shi da ragowar atamfa.
Mai gwangwan ya taya sidi talatin,
na ce ya dawo wani satin.
Sati na bakwai ke nan yana dawowa.